SHAFIN INTANET DON SANA'AR KARE MUHALLI: DON WA ZA MU GINA SHI?

Duk wanda ya bi hanyar Kazaure zuwa Babura da bazara, ko ya ratsa ƙauyukan Roni da Gwiwa bayan an gama girbi, ba sai an yi masa dogon bayani a kan halin da ƙasarmu take ciki ba. Iska tana kwashe ƙasar gona, itacen girki kullum sai ƙara tsada yake yi, leda kuma ta cika kwatami da kan ƙaya, har dabbobi suna ci suna mutuwa. Wannan ne ya sa Jihar Jigawa take cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya ratsa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a shekarar 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma ta musamman a 2015.

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ban da aikin gwamnati, akwai ƙananan masu sana'a waɗanda neman abincinsu shi kansa gyaran ƙasa ne. Akwai mai renon dashen itatuwa, da maƙerin da yake yin murhu mai cin itace kaɗan, da matan da suke yin sabulu da man darbejiya, da masu saƙa jaka da ledar fiya wata, da mai haɗa fitilar sola. A zamanin nan, irin waɗannan mutane sukan ji ana cewa sana'a ba ta cika ba sai da shafin intanet. Wa za su nema ya yi musu? Mu ɗalibai, 'ya'yansu da ƙannensu da muka taɓa kwamfuta a makaranta. Wata rana kawu ko inna za ta kira ɗayanmu ta ce, "Ɗana, zo ka sa mini sana'ata a wannan intanet ɗin." Saboda haka ya kamata mu yi tunani tun kafin ranar ta zo.

Ra'ayinmu shi ne: shafin yana da amfani, amma sai in an gina shi domin mai saye na kusa, da harshensa, daidai ƙarfin wayarsa, kuma bisa gaskiya. Shafin da aka ƙawata da Turanci domin a burge Bature mai ba da tallafi, ado ne kawai, ba kasuwa ba.

DARASI DAGA TUKUNYAR ƘASA

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A shekarun 1990, marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Dutse, ya lura da yadda tumatir da tattasai da yalo suke ruɓewa a hannun manoma domin babu lantarki balle firji. Sai ya ɗauki tukwanen ƙasa biyu, ya sa ƙarama cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan yashin yake bin iska, sai ya tafi da zafin cikin tukunyar, abin da ke ciki ya yi sanyi. Yalon da yake lalacewa cikin kwana 3 ya riƙa kai kwana 27. Ba mai, ba hayaƙi, ba waya. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex tare da dala 75,000.

Abin lura a nan shi ne yadda ya isar da labarin tukunyarsa. Ya sa an shirya wasan kwaikwayo, aka ɗauka a bidiyo, ya riƙa yawo da shi ƙauyuka yana haskawa a jikin ƙyalle da taimakon janareta. Wato ya fara da mutanen da za su yi amfani da tukunyar, ya yi musu magana ta hanyar da suka saba. Yabon duniya daga baya ya zo, kuma aikin da aka gani a ƙauye ne ya jawo shi. Wanda zai gina shafi a yau ya kamata ya bi wannan sawu. Wayar hannu ita ce ƙyallen majigi na zamaninmu.

MASU CEWA BA A BUKATA

Wasu za su ce, mene ne amfanin shafi, tun da akwai WhatsApp da Facebook kyauta? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ciniki mai yawa ya koma cikinta, kuma mai sayar da dashen mangwaro a Gwiwa zai fi samun kira ta waya fiye da ta shafi. Ba mu ce a bar waɗannan ba.

Sai dai mu tuna, mai zaman gidan wani ba ya cewa ga inda za a kafa ƙofa. A ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya a duniya har kusan awa shida. A cikin wannan shekarar, gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter daga watan Yuni har zuwa Janairun 2022. Ban da haka, sau nawa muke jin an sace wa mutum lambar WhatsApp, ana roƙon kuɗi da sunansa? Bayani a dandalin sada zumunta kamar rubutu ne a kan yashi: na yau yana binne na jiya. Shafi kuwa yana nan a adireshi ɗaya. Wanda ya ji labarin murhu a kasuwar Babura zai iya komawa gida ya duba farashi da hoto da lambar waya ta gaskiya, ba tare da tsoron ɗan damfara ba. Makaranta ko asibiti ko ƙungiyar da take son sayen dashe ɗari biyar ita ma tana bukatar wurin da za ta tabbatar cewa mai sana'ar yana nan.

Wasu kuma za su ce kuɗi. Gaskiya ne, ana biyan kuɗin suna da na masauki duk shekara. Maganin wannan shi ne haɗin kai. Masu sana'a goma a gari ɗaya suna iya yin karo-karo su buɗe shafi guda, kowa da ɓangarensa, kamar yadda 'yan kasuwa suke raba rumfa.

ABUBUWAN DA ZA A KIYAYE

Na farko, suna. Shafi yana bukatar adireshi, kuma ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita take kula da adireshin da ya ƙare da .ng, kamar .com.ng. A zaɓi suna gajere wanda za a iya faɗa ta waya ba tare da an ce "maimaita" ba. Abu mafi muhimmanci, a yi rajistar da sunan mai sana'ar, ba da sunan ɗalibin da ya taimaka ba, a kuma rubuta kalmar sirri a ajiye masa a wuri mai kyau. Ɗalibi zai tafi jami'a ko hidimar ƙasa. Idan mabuɗin ya tafi da shi, shago ya rufu ke nan, in kuma shekara ta zagayo ba a sabunta ba, wani yana iya saye sunan.

Na biyu, harshe. Mai sayen murhu a Roni Hausa yake ji. To, shafin farko ya zama da Hausa, Turanci ya biyo baya domin baƙi. A rubuta Hausar daidai da ƙa'ida, da ɓ da ɗ da ƙ, domin wayoyin yanzu suna da waɗannan haruffa. Akwai bambanci tsakanin kasa da ƙasa, kamar yadda malamanmu na Hausa suke nanatawa. Tun da ba kowa yake karanta boko ba, yana da kyau a sa gajeren saƙon murya na minti ɗaya wanda mai sana'ar da kansa yake bayani.

Na uku, nauyi. Hoto ɗaya daga wayar zamani yakan kai megabait 3 ko 4. In aka jera goma a shafin farko, mutumin da yake ƙauye inda sabis ba shi da ƙarfi zai gaji da jira, datarsa ta ƙare, cajinsa ya sauka, bai ga komai ba. Ana iya rage hoton zuwa kilobait 100 ko 200 kuma ya fito sarai. A guji bidiyo mai kunna kansa da rubutu mai rawa. Wannan ma kula da muhalli ne, domin manyan ɗakunan kwamfutocin da suke riƙe da intanet sun sha kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na lantarkin duniya a 2024. Bai dace mai wa'azin tattali ya zama mai almubazzaranci a shafinsa ba. A gwada shafin da ƙaramar waya a ƙauye, ba da kwamfutar ɗakin gwaji ba.

Na huɗu, abin da za a rubuta. Mai saye tambaya biyar yake da ita: mene ne kayan, nawa ne, ina kuke, yaya zan same ku, yaushe kuke buɗewa. A amsa su a fili. A kwatanta wuri yadda muke kwatance, kusa da tasha ko bayan asibiti, a faɗi ranar kasuwar da ake fita da kaya. Idan an yi rajistar sunan sana'a da hukumar CAC, a nuna. Idan kayan ci ne ko na shafawa, kamar garin zogale ko sabulu, kuma akwai lambar NAFDAC, a rubuta ta. Idan babu, kada a ƙirƙira.

GASKIYA ITA CE JARI

Na biyar, wanda ya fi sauran duka, shi ne gaskiya. A nan ne jarabawa take, domin kalmar "muhalli" ta zama abin talla a duniya. Manyan kamfanoni sukan shafa wa kayansu koren fenti alhali aikinsu ɓarna ne. Ƙaramin mai sana'a ma yana iya faɗawa wannan rami: ya kwaso hoton wani daji daga intanet ya ce gonarsa ce, ko ya rubuta cewa ya dasa itatuwa dubu goma alhali ɗari uku ne, ko ya ce zogalensa yana warkar da kowace cuta. Mu da za a ba aikin rubutawa, mu za mu fara jin sha'awar ƙara gishiri domin shafin ya yi armashi.

Kada mu yarda. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a ƙasarmu kowa ya san kowa. Ranar da mai saye ya zo daga Kazaure bai tarar da abin da ya gani a hoto ba, ba mutum ɗaya ya yi asara ba. An ɓata sunan duk masu irin wannan sana'a. Hoton ƙarya da mudun ƙarya duk ɗaya ne. Mai renon dashe ya faɗi nawa ya sayar bara da nawa suka rayu bayan rani. Mai murhu ya auna itacen da gida ɗaya ya ci a mako da tsohon murhu da kuma sabo, ya rubuta abin da ya samu, kome ƙanƙantarsa. Lissafi kaɗan na gaskiya ya fi tulin kalmomi masu daɗi.

Har ma muna ganin shafi nagari zai koyar, ba sayarwa kaɗai ba. Alal misali, maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar, waɗanda Babura take iyaka da su, sun farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin fiye da hekta miliyan 5 ba tare da sayen dashe ba. Tun daga 1983, a yankin Maraɗi, Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ɗin SIM daga Ostareliya, tare da manoma suka yaɗa dabarar barin tohon kututture ya girma, ana rage masa rassa ana barin masu ƙarfi. Can suna kiran wannan sassaben zamani. Mai sayar da dashe da zai rubuta a shafinsa cewa, "In akwai kututturen gawo ko kalgo a gonarka, kula da shi kafin ka sayi nawa," zai yi asarar 'yan nairori a yau, amma ya sami amanar manomi har abada.

KIRA GARE MU

Yankinmu ba baƙo ba ne ga ilimin kwamfuta. A zamanin Gwamna Saminu Turaki, tsakanin 1999 da 2007, aka kafa makarantar koyon fasahar sadarwa a Kazaure wadda aka fi sani da Informatics, ga kuma kwalejin tarayya ta Hussaini Adamu a garin. Matasa da yawa sun fito daga waɗannan wurare da ilimin gina shafi. Abin tambaya shi ne ko ilimin zai tsaya a neman aiki a Abuja da Legas, ko zai waiwayi maƙerin unguwa.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, idan aka kawo mana irin wannan aiki, mu fara da zama wurin mai sana'ar kwana biyu ko uku, mu ga yadda yake aiki, mu ji tambayoyin da masu saye suke yi masa. Mu ɗauki hoton abin da yake akwai. Mu koya wa ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan yadda ake canja farashi, domin shafin da yake ɗauke da farashin bara yana korar mutane. Malamanmu kuma muna roƙo su sa irin wannan aiki cikin darasin kwamfuta, kowane aji ya ɗauki sana'a ɗaya a garinsu. Iyayenmu masu sana'a, kada ku biya kuɗi a kan abin da ba ku gani da idonku a wayarku ba, kuma ku nemi a karanta muku duk abin da aka rubuta da sunanku.

Shafi allon ƙofar shago ne, ba shi ne shagon ba. In dashe bai kama ba, in murhu yana hayaƙi, babu kwamfutar da za ta gyara. Amma in kaya suna da kyau, allon kuma ya faɗi gaskiya, mai saye zai zo, ya koma, ya turo wani. Allah ya ba mu hikima da riƙon amana, ya kuma rayar da ƙasarmu. Amin.