A Sayi Gida Kusa da Makaranta, a Bar Shi ga Makaranta

Ya ku 'yan'uwa malamai da iyalanmu, duk wanda ya fito da sassafe a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Kalgo zai ga malamai tsaye a bakin titi suna jiran abin hawa. Haka ma masu nufar Kambaza ko Dalijan daga cikin garin Gwandu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na kabu-kabu suna cinye kaso mai tsoka na albashi. Malamin da ya iso aji a gajiye, bayan an kaɗa ƙararrawa, ɗalibansa ne ke biyan farashin nisan gidansa.

A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba, 2020, gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari ta yi alkawarin gina wa malaman karkara gidaje masu sauƙin kuɗi. Ƙarin shekarun ritaya zuwa 65 ya zama doka a 2022, amma a ƙauyukanmu har yanzu malami baƙo ne mai neman ɗakin haya. Ga kuma asusun gidaje na ƙasa, wanda tun 1992 aka tsara a riƙa cirar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci dominsa. Mu nawa ne muka mallaki gida ta wannan hanya?

Ra'ayina shi ne gwamnatin jiha ta fara da sayen gidajen da suke tsaye. Sabon rukunin gidaje yana bukatar fili da diyya da kwangila, ga tsadar siminti, kuma galibi a gefen babban birni ake kafa shi, kamar yadda Gesse ta samu nata a Birnin Kebbi. Malamin Diggi ko Zuguru ba zai amfana da wannan ba. Alhali a garuruwanmu akwai gidajen da masu su suka ƙaura, da na gado da magada ke son sayarwa su raba kuɗin, da gine-ginen da suka tsaya a linta. Gyaran irin waɗannan aikin makonni ne, kuma magina da kafintocin garin ne za su ci moriyarsa. Maƙwabciyarmu Sakkwato ta sayi gidajen da gwamnatin tarayya ta gina a Kwannawa, ta nuna cewa saye hanya ce da gwamnati za ta iya bi.

Sai dai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cinikin gida da kuɗin jama'a ƙofa ce da dillalai da 'yan kanzagi za su yi cincirindo a bakinta. Saboda haka a bayyana farashin kowane gida a fili, bayan masana sun kimanta shi. Gidan gado kuwa kada a taɓa shi sai da yardar dukkan magada, mata da marayu a ciki, a gaban alƙali. A duba tushe da magudanar ruwa, domin ba mu manta da ambaliyar 2020 ba. A Kalgo kuma, inda Jami'ar Tarayya ta jawo ɗalibai da ma'aikata masu neman ɗaki, a yi hattara kada a kori mai haya talaka don a zaunar da malami. A nemi gidan da ba kowa a cikinsa.

Rabon ma ya bi bukata. Makarantar da malamai ke gudu saboda nisa ita ce ta fi cancanta, ko da kuwa ba ta da babban mutum a gwamnati. A sa wakilan ƙungiyarmu da na iyayen yara da masu sarauta a kwamitin zaɓen gidajen.

Sharaɗi mafi nauyi shi ne gidan ya zama mallakar makaranta. Na san wasunmu za su fi son a sayar musu, kuma burin mallakar gida halal ne, amma wannan aikin bankin lamunin gidaje ne. Ingila ta buɗe wa masu haya ƙofar sayen gidajen ƙananan hukumomi a 1980. Bayan shekara arba'in da ɗaya, a 2021, sai ga magajin garin Landan, Sadiq Khan, yana ware kuɗi don a sake sayo irin gidajen nan da tsada. In aka sayar wa malamin yau, wanda za a turo bayansa zai koma bakin titi.

Gwamna Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, ya shugabanci ƙungiyarmu ta NUT a matakin ƙasa, don haka ba ya bukatar a fassara masa kukan malami. Abin da ya rage namu ne: kowane shugaban makaranta a Gwandu da Kalgo ya rubuta yawan malamansa da ke zuwa daga nesa, da gidajen da babu kowa a kusa da makarantarsa, ya miƙa wa reshe kafin taro na gaba. Da wannan lissafi a hannu za mu je gaban hukuma. Allah Ya yi mana jagora, amin.