Ubangiji Bai Janye Ba

Wata koyarwa tana shigowa ikilisiyoyinmu wadda ban yarda da ita ba, wai idan wahala ta daɗe a gidan mai bi, alama ce Ubangiji ya janye. Har wasu suna cewa, tun da mun yi shekaru muna neman filin gina majami'a ba mu samu ba, Allah ya manta da mu.

Ku buɗe Farawa sura 39. Sau 4 aka ambata cewa Ubangiji yana tare da Yusufu, kuma a ina? A gidan bauta da cikin kurkuku. Bai fitar da shi nan take ba. Bayan mai shayarwar Fir'auna ya manta da shi, sai da ya ƙara shekara 2 cur a tsare. Bulus da Sila ma da raunukan bulala suka raira waƙa a kurkukun Filibi, tun ƙofofi ba su buɗe ba.

Saboda haka, dattawa, gwauruwar da ta daina zuwa sujada don baƙin ciki, kada a ce mata bangaskiyarta ce ta gaza. Ku je gidanta a makon nan, ku zauna, ku karanta mata wannan sura, ku yi addu'a tare.