Ranar Da Jirgi Ya Sauka A Konkodiya

Wannan makon za mu yi nisa, har can ƙarshen kudancin duniya, nahiyar Antatika.

Akwai wata tashar bincike ta Faransa da Italiya mai suna Konkodiya, a kan tudun ƙanƙara mai tsayin sama da mita 3,200. Tun 2005 ake barin mutane su yi hunturu a cikinta, kamar mutum 13 a shekara: likita, mai dafa abinci, makanikai da masana kimiyya. Daga Fabrairu zuwa Nuwamba babu shiga babu fita. Rana kan faɗi a watan Mayu, ba a sake ganin ta sai Agusta. Sanyi kan kai digiri 80 ƙasa da sifili, iska kuma ba ta ƙosar da huhu. Maƙwabtansu mafi kusa su ne Rashawan tashar Bostok, tafiyar kusan kilomita 600.

To, a ce an ba mu wannan labari mu rubuta babinsa na ƙarshe. Mun san halinmu. Jirgi zai sauka, a rungume juna, a yi hawayen murna, a rufe littafi. Mu dai muna ganin wannan ha'intar mai karatu ce.

Murna kam akwai ta. Jirgin farko na Nuwamba kan zo da ɗanyen kayan lambu da 'ya'yan itace, abin da suka yi watanni ba su sa a baki ba. Amma shi ne kuma ke kawo baƙi, ma'aikatan bazara, masu surutu da gaggawa. Wani ya zauna a kujerar da ka yi wata tara kana cin abinci a kanta, bai ma san ta wani ce ba. Har mura sukan kawo, ga mutanen da suka daɗe ba su haɗu da sabuwar cuta ba. Wanda ya zo fitar da kai, shi ne ya kwace maka gida.

Sannan ga abokan zama. Wataƙila ka yi wata biyu kana gaba da makanike saboda yadda yake tauna abinci. Duk da haka shi kaɗai ne zai gane abin da kake nufi idan ka ambaci daren 21 ga Yuni, bikin tsakiyar hunturu, lokacin da duhu ya fi kauri. Matarka ba za ta gane ba, komai son da take maka. Kuma ka sani ku 13 ɗin nan da wuya ku sake haɗuwa a ɗaki ɗaya.

Wani zai ce ai wannan butulci ne, mutum ya tsira daga wahala yana waiwaye. Ba mu yarda ba. A can kowa na da amfani ƙarara: in mai kula da injin wuta ya yi sakaci, kowa ya shiga uku. A gari kuwa babu wanda ransa ke hannunka, sai layin banki da kuɗin haya.

Saboda haka idan za mu rubuta babin, mu bi jaruminmu har tashar ruwan Hobat a Ostareliya, inda wasunsu kan sauka. Ƙamshin ciyawa da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buge shi, bayan shekara guda a wurin da ba ya ƙamshin komai. Ya shiga kanti, ya tsaya gaban sabulu kala goma, ya kasa zaɓar ɗaya.