Amsar Wasiƙa: Zancen Haɗa Agogon Hannu

Jama'a, cikin wasiƙun da suka iso mana makon jiya akwai ta wani malamin makaranta. Ya ce ya ji labari yanzu mutum yana iya sayen kayan agogon hannu rarrabe, inji daban, gida daban, fuska daban, ya zauna a ɗakinsa ya haɗa abinsa don sha'awa. Ya yi mana tambaya uku. Ta fari, ko ya fi araha bisa a sayi haɗaɗɗe? Ta biyu, ko ya fi riƙe lokaci daidai? Ta uku, ya ga ana sayad da fuskoki masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni, ko akwai laifi in ya sa irinsu a nasa? To, Malam, da ya ke ni ma na taɓa wannan aiki har sau biyu, ga abin da na sani.

Mu fara da sanin abin da ke cikin agogon. Irin wanda mu ke magana ba shi da batir. Ƙarfinsa yana cikin wani siririn sifirin nannaɗe, wanda a ke ɗaurewa in an murza ɗan kan nan na gefe, abin da mu ke ce wa yi wa agogo wani. Sifirin ɗin yana warwarewa sannu sannu, yana tura ƙafafu masu haƙora, su kuma suna tura wata 'yar ƙafa mai lilo, ta je ta dawo. Ita ce ke ƙidaya lokaci, bugunta ne kuma ka ke ji in ka kara agogo a kunne. Injin da masu koyo suka fi saye shi ne wanda a ke kira NH35, na kamfanin Seiko na Japan. Yana bugu sau 6 cikin kowace daƙiƙa, watau sau 21,600 a sa'a, sau 518,400 ke nan kwana da wuni. Yana da duwatsun yaƙutu 24, irin na haɗi, an dasa su inda ƙarfe ke gugar ƙarfe don kada ya cinye. Yana kuma yi wa kansa wani da motsin hannun mai shi, in kuwa aka ajiye shi cike, ya kan yi kamar sa'a 41 kafin ya tsaya.

Zancen araha, kada ka sa rai. Ban da inji da gida da fuska da hannaye da maɗauri, sai ka nemi kayan aiki: matsefata, da ƙananan sukundireba, da madubin ido mai ƙara girman abu, da madannin hannaye, da magagari, da 'yar robar hura iska, da safar yatsu. In ka tara lissafi duka, har da kuɗin aikowa da abin da za ka ɓata wajen koyo, sau da yawa ya kan kai kuɗin haɗaɗɗen agogo mai irin wannan inji, ko ma ya wuce.

Zancen daidaito ma haka. Masu injin nan da kansu sun faɗa cewa yana iya jinkirin daƙiƙa 20 ko saurin daƙiƙa 40 a kwana guda. Agogon batir kuwa, kurensa bai cika wuce daƙiƙa 15 ko 20 a wata ba. Saboda haka akawun da bukatarsa ita ce kada ya makara ofis, agogon batir na kasuwa ya ishe shi.

To, in haka ne, mene ne amfanin wahalar? Bari in kwatanta maka aikin, ka auna da kanka. Da fari ka tabbata kayan duka na juna ne, domin kowane inji da girman fuskarsa. NH35 ya kan tafi da fuska mai faɗin milimita 28.5, kuma 'yan ƙafafun da ke bayan fuskar sai sun dace da gefen da kan murzawa zai fito. In ka kafa fuska, sai ka ja kan, ka yi ta murzawa a hankali har kwanan wata ya kifa. Nan ne sha biyun dare. Ka tsaya, ka ɗora gajeren hannu na sa'a bisa 12, ka danna, sa'an nan dogon na minti shi ma bisa 12. In ka kuskure wannan, sai ka ga agogonka yana sake kwanan wata da rana tsaka. Daga nan sai siririn hannu na daƙiƙa, wanda raminsa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Ran da na fara, na riƙe shi da ƙarfi, ya kuɓuce wa matsefata ya yi tsalle, ni da yaran gida muka share ɗaki har magariba ba mu gan shi ba.

Bayan wannan sai ka zare tsinken da ke riƙe da kan murzawa, ka sa inji cikin gida, ka gwada tsawon tsinken, domin kullum da tsawo ya ke zuwa. Yanke shi kaɗan kaɗan, kana gogewa da magagari kana gwadawa. Dogo yana raguwa, amma gajere ba ya ƙaruwa, ni kuwa sai da na ɓata guda biyu kana na yarda da wannan. Kada kuma ka yi irin wautata, na haɗa na fari cikin hunturu taga a buɗe. Da na rufe gilashi na duba da madubi, sai ga ƙura kwance bisa fuska, ala tilas na kwance na sake. Rufe ɗaki, ka yayyafa ruwa ƙasa, ka kife kofi bisa injin duk sa'ad da za ka tashi. Kada ka taɓa shi da yatsa tsirara, gumi yana sa tsatsa. Kada ka ajiye shi kusa da maganaɗisu. In ka gama, ka yi mako guda kana gwada shi da sa'ar rediyo, kana rubuta bambancin kowace safiya. Ko da mai sayad da gidan ya ce ruwa ba ya shiga, kada ka yi wanka da shi sai mai gyaran agogo ya gwada maka da na'ura. Wanda ya bi duk wannan ya san abin da ke ɗaure a hannunsa, ya koyi natsuwa, ya kuma bar raina masu gyaran agogo da ke zaune bakin kasuwa. Ribar ke nan, ni kuwa a ganina ta isa.

Saura tambaya ta uku, wadda ita ce ta sa na zaɓi wasiƙar nan. Malam, haɗa kayan da wasu suka ƙera ba abin kunya ba ne. A Suwizalan kanta, wajen duwatsun Jura, haka sana'ar ta girma cikin ƙarni na 18 da na 19. Manoma suna yin ƙananan kaya a gidajensu lokacin sanyi, wannan ƙafafu, wancan gidaje, wani kuma ya tattara ya haɗa. Abin da ba su wasa da shi shi ne suna. Tun daga shekarar 2017, dokarsu ba ta yarda a rubuta wa agogo shaidar cewa na Suwizalan ne ba sai injinsa nasu ne, can aka haɗa shi aka duba shi, kuma aƙalla kashi 60 cikin 100 na kuɗin yinsa can aka kashe. In masu abu suna tsare sunansu haka, ina dalilin da za ka ɗauki sunan Rolex ka manna bisa injin da ba su taɓa gani ba?

Na san za ka ce ai kai kaɗai za ka ɗaura, ba sayarwa za ka yi ba. To, amma agogo irin wannan, in ana ba shi mai bayan 'yan shekaru, yana iya wuce mai shi. Wata rana ya faɗa cikin kayan gado, magaji ya kai shi kasuwa bisa rashin sani, wani bawan Allah ya zuba kuɗin guminsa saboda sunan nan da ka manna. Wa ya cuce shi? Ga kuma ɗalibanka. Yaro ya ga agogon ya tambaye ka, ko dai ka yi masa ƙarya, ko ka gaya masa malaminsa yana yawo da sunan da ba nasa ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Shawarata ita ce ka sayi fuska wadda ba a rubuta kome a kanta ba, akwai su da yawa. In kana so, ka sa a zana maka sunanka da shekarar da ka haɗa shi a murfin baya. Wanda ya tambaye ka, ka ce masa injin na Japan ne, haɗin naka ne. Wannan magana ba ta da abin da za a tono a ƙarƙashinta.

In kuwa ka fara, sayi hannayen daƙiƙa biyu da tsinke biyu tun farko, don lalle ɗaya zai tafi sadaka. Ka aiko mana labarin yadda kuka ƙare, da daƙiƙa nawa ya ke kure a kwana, mu buga don sauran 'yan'uwa su ƙaru. Haza wassalam.