Gwangwanin gari ba ya maye gurbin tukunya

Duk mai WhatsApp ya ga tallar nan. Hotuna biyu ne gefe da gefe: a na farko mace ce mai teɓa, a na biyu ta zabge har kaya sun yi mata yawa. A ƙasa sai bayani: a bar karin kumallo, a bar tuwon dare, a zuba cokali biyu na gari a gora, a ƙara ruwa ko madara, a girgiza a sha, wata guda a ga aiki. Mata da maza da dama a garuruwanmu suna zuba kuɗin da zai cika musu tukunyar mako guda a kan gwangwani ɗaya. Ra'ayina shi ne, wannan gari kayan aikin likita ne na ɗan lokaci, kuma ba shi da hurumin zama cimar gida.

Abin ya girmi yawancin masu tallarsa. A 1959 kamfanin Mead Johnson na Amurka, wanda aka sani da madarar jarirai, ya fito da Metrecal, wanda ake sha sau huɗu a yini a tashi da kalori 900. SlimFast ya biyo baya a 1977, Herbalife a 1980. A tsakiyar wannan yayi aka yi rashin rayuka: wajen 1977 wasu Amurkawa da suka koma rayuwa a kan wani ruwan furotin maras inganci zalla suka mutu da bugawar zuciya. Garin yau ya fi wancan nesa ba kusa ba, domin ana haɗa shi da bitamin da sauran sinadaran da jiki ke buƙata. Amma kofi ɗaya yawanci kalori 200 zuwa 250 ne, farantin shinkafa da miya da nama kuwa yakan ninka haka sau biyu ko uku. Sirrin ke nan gaba ɗaya. Babu wani abu a cikin garin da ke narkar da kitse. Ci aka rage, jiki ya koma cin ajiyarsa.

Dole in ba shi haƙƙinsa, domin akwai inda ya yi rawar gani. A watan Disamba na 2017 mujallar likitanci ta Lancet ta buga sakamakon binciken DiRECT, wanda Farfesa Roy Taylor na Jami'ar Newcastle da Farfesa Mike Lean na Jami'ar Glasgow suka jagoranta. An ɗauki masu ƙiba da ke da ciwon sukari nau'i na biyu, waɗanda ba su wuce shekara 6 da gano ciwon ba, aka ɗora rabinsu a kan irin wannan gari da miyar sha kaɗai, kalori 825 zuwa 853 a yini, na wata 3 zuwa 5. Bayan shekara guda, kashi 46 cikin ɗari na waɗanda aka ɗora a kan garin sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba. Cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye kuwa, kashi 86 ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ya sa hukumar lafiyar Ingila ta fara ba marasa lafiya wannan tsari tun 2020.

To amma a duba yadda aka yi aikin. Ma'aikatan lafiya ne suka tantance wanda zai shiga, ba a ma ɗauki masu allurar insulin ba. Ranar farko aka dakatar da magungunan sukari da na hawan jini, aka riƙa auna mutane a kai a kai. Da wa'adin ya cika, aka yi makonni ana maido musu da abinci kaɗan-kaɗan, ana koya musu awon abin da za su zuba a faranti. Duk da wannan kulawa, a shekara ta biyu adadin ya sauko zuwa kashi 36, a ta biyar kuma kashi 13 ne kawai cikin waɗanda aka ci gaba da bibiya. Idan haka ta faru da wanda likita ke riƙe da hannunsa, ina ga baiwar Allahn da ta saya daga hannun ƙawarta, ba awo, ba gwaji?

Mun san yadda take kasancewa. Ta sha kofinta da bakwai na safe, ta tura yara makaranta. Ruwa ba ya zama a ciki kamar abin da aka tauna, saboda haka kafin azahar hannu ya fara rawa, kai yana sarawa. Sai ta ɗan taɓa cincin, ta kora da lemon kwalba, da la'asar ta ɗanɗana miyar da take yi wa maigida har sau uku. Ko da ta daure wata biyu ta rage kilo biyar, ranar da gwangwani ya ƙare kuma kuɗin wani bai samu ba, tukunyar da ta bari ita za ta tarar, da mai iri ɗaya da malmala iri ɗaya. Garin bai koya mata komai game da girkinta ba. Ƙiba ta dawo, ita kuma ta ɗora wa kanta laifi.

Wannan asarar kuɗi ce kawai. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin su glibenclamide, ya yanke abinci dare ɗaya bai rage magani ba. Sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Mai shan maganin hawan jini na iya yanke jiki ya faɗi. Saurin ramewa yana jawo tsakuwa a matsarmama. Mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, da mai shayarwa, da yaro mai tasowa, duk ba nasu ba ne sai da izinin likita. Mai talla ba zai tambaye ka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin ribarsa tana cikin yawan gwangwanin da ya sayar da yawan mutanen da ya jawo cikin harkar. A 2016 kamfanin Herbalife ya amince ya biya dala miliyan 200 a wani sulhu da hukumar kula da cinikayya ta Amurka, kuma a kan tsarin dillancinsa aka yi rigimar.

Wani zai ce, ai ba ni da lokacin girki, gara in sha wannan da in cika cikina da fanke a bakin ofis. Gaskiya ne, in dai rana ɗaya-ɗaya ce. Haka tsohon da ya kasa tauna, ko majinyacin da abinci ya fita ransa, likita kan rubuta masa irin su Ensure don ya ƙara a kan ɗan abin da yake iya ci. Sai dai mu ba baƙin abincin sha ba ne. Fura da nono tana riƙe manomi tun hantsi har la'asar, ga gero da dusarsa, ga furotin na nono. Kunun gyaɗa ma haka. Illarsu ɗaya, sukarin da muke ambaza musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa ya tsaya ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, in da hali ma wajen ƙaramin cokali 6, kuma ta ce babba ya ci akalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kullum. Zogale, rama, kuɓewa, wake da gwanda suna nan a kasuwa, babu gwangwanin da ya kai su.

Mai karatu, in ƙiba ta dame ka, ko an ce kana da sukari, fara zuwa asibiti a auna ka, ka kuma tafi da magungunan da kake sha. In likita ya ga garin zai yi maka amfani, ya faɗa maka ranar farawa da ranar dainawa, kai kuma ka duba lambar NAFDAC da yawan sukarin da aka rubuta a jikin gwangwanin. In babu likita a cikin maganar, riƙe kuɗinka ka kai wa mai kayan miya.