A Rage Harajin a Kan Fanka da Batir, Ba a Kan Takarda Ba

Daga wata 'yar Kulob ɗin 'Yan Jarida, JSS 2



A ƙasar Amurka an yi wata doka a 2022 wadda ta ce duk wanda ya gyara gidansa don ya rage cin wuta, misali ya sa na'urar sanyaya ɗaki da ɗumama shi mai cin wuta kaɗan, za a rage masa kashi 30 cikin 100 na kuɗin da ya kashe daga harajin da zai biya, har zuwa dala 2,000 a shekara. Tsarin ya ƙare a ƙarshen 2025. Akwai masu cewa Najeriya ma ta kwaikwayi wannan. Ni a ganina in aka kwaso shi yadda yake, mutanen Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar ba za su ga ko sisi ba.

Dalilina shi ne, sai mai biyan harajin albashi ake iya rage wa haraji. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ce wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba, ba zai biya wannan harajin ba. To manomin gero da riɗi, da mai kora shanu a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da mai sayar da ƙosai, me za a rage masu? Babban ma'aikaci mai iya sayen AC shi zai ci moriyar, alhali gidansa ya fi na kowa sanyi tun da farko.

Amma talaka ma yana biyan haraji, sai dai a ɓoye yake cikin farashin kaya. Akwai VAT na kashi 7.5 cikin 100, akwai kuma kuɗin kwastan. A 2020 gwamnati ta yafe VAT a kan farantan sola, kuma ta kyauta. Sai dai faranti kaɗai ba ya juya fanka da dare, ga shi kuma da dare ne ɗakin kwano ke amayar da zafin da ya sha tun safe. Ana buƙatar batir, shi kuwa har yanzu ana biya masa kuɗin kwastan. Nan ya kamata a sassauta: batir, fanka mai caji, da allon silin. Silin ba ya cin wuta ko kaɗan, amma ku shiga aji mai silin ku shiga wanda babu a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ku ga bambanci. A ajin da babu, bayan ƙarfe sha biyu rabinmu fifita muke yi da littafin da ya kamata mu karanta.

Wannan ba zancen jin daɗi ba ne kawai. A 2023 sanƙarau ya addabi Maigatari da Sule Tankarkar. Rigakafi ne babban maganinsa, fanka ba ta kashe cuta, amma ma'aikatan lafiya kullum suna gargaɗi kan kwana a cunkushe a ɗakin da iska ba ta shiga. Wutar KEDCO ba ta da tabbas, janareta kuma ya fi ƙarfin yawancin gidaje tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne muna da yankin ciniki maras haraji a nan Maigatari, a bakin iyakar Nijar, inda kamfani zai iya shigo da kayan aikinsa ba tare da biyan kwastan ba. Me zai hana a jawo masu harhaɗa fanka da fitilar sola su zauna a can? In an kuma yafe harajin a kan waɗanda za a fito da su a sayar wa mutanen yankin, farashi zai sauka, yayyenmu da ke zaune ba sana'a su samu aiki. Mutanen Damagaram ma za su saya, tunda rana ɗaya ke dukanmu.

Wani zai ce gwamnati za ta yi asarar kuɗin shiga, kuma 'yan kasuwa za su iya cinye ragin su bar farashi yadda yake. Na biyun ya fi damuna. Don haka a riƙa faɗar ragin a rediyo da Hausa, kowa ya san nawa aka cire, ya iya tambayar mai shago.

Kada kuma a manta da namu na gida. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, wadda ke sa tumatir da yalo su yi kwanaki ba su lalace ba, ba tare da wuta ba. Masu ginin tukwane da maginan soro su ma masu sanyaya gida ne, kuma ƙananan hukumominmu huɗu za su iya yafe masu kuɗin rasit na kasuwa tun daga wannan bazarar.