Tsawo Da Kuɗi, Daidaito Fa?

'Yan'uwana malamai, a 'yan shekarun nan wani sabon yayi ya bazu a wayoyin matasa: hotunan mutanen da lafiyarsu ƙalau, amma suka tafi Turkiyya ko Indiya ko Amurka aka yi musu tiyata domin su ƙara tsawo. Ana nuna mutum a jikin ma'auni kafin aikin da bayansa, a ce ya samu santimita kaza. Abin da ba a cika nunawa ba shi ne yadda ƙirar jikinsa take komawa, kuma a nan ne nake ganin malami yana da ta cewa.

Asalin wannan aiki magani ne. Wani likitan Tarayyar Sobiyet mai suna Gabril Ilizarof ne ya inganta hanyar a garin Kurgan a shekarun 1950, domin masu karayar da ta ƙi haɗewa da waɗanda ƙafarsu ɗaya ta fi ɗaya gajarta. Ana yanke ƙashi gida biyu, a riƙe shi da ƙarafa, sannan a riƙa nesanta ɓangarorin da kimanin milimita 1 a kowace rana, sabon ƙashi yana tsirowa a tsakani. A yau akwai sandar ƙarfe da ake sakawa cikin ramin ɓargo, ana miƙa ta da maganaɗisu daga waje. Ga yaron da ciwo ya gajarta masa ƙafa, wannan rahama ce, babu mai musu.

Ga mai neman ado kuwa, lissafin daban ne. Kakanninmu sun auna tufa da kamu, sun auna zurfin rijiya da gaba, saboda sun lura gaɓoɓin ɗan Adam suna tafiya da juna bisa tsari. Idan mutum ya buɗe hannuwansa biyu, faɗin gabansa kusan daidai yake da tsawonsa. Haka nan ƙashin ƙwauri yakan kai kusan kashi 80 cikin 100 na ƙashin cinya. Tiyata kuwa ƙashi ɗaya take ja. Ba ta taɓa gangar jiki, ba ta taɓa hannuwa.

Mu ɗauki misali irin wanda muke rubuta wa 'yan aji shida a allo. Mutum yana da cinya santimita 45 da ƙwauri 36. Aka ƙara wa cinyar santimita 8, wanda shi ne kusan iyakar abin da likitoci masu taka-tsantsan suke yarda da shi. Cinya ta zama 53, ƙwauri yana nan a 36, wato ya sauko daga kashi 80 zuwa kashi 68. Gwiwa ta yi ƙasa a ƙirar jiki. Idan kuma ƙwaurin aka ƙara wa santimita 5 shi kaɗai, ya haura kashi 91. A kowane hali, hannuwa suna nan yadda suke, kuma idan mutumin ya zauna a benci, tsawonsa na zaune bai ƙaru da komai ba. Daga nan ne wasu suke komawa a sake yanka musu ƙashi na biyu domin ya daidaita na farko, har akwai masu tunanin a ja musu damtse. Gyara ya haifi gyara.

Rashin daidaiton bai tsaya ga kallo ba. Tsoka da jijiya ba sa miƙewa da saurin ƙashi. Agara takan ɗaure har diddige ya kasa taka ƙasa, gwiwa takan sandare, jijiya takan lalace, wani lokaci sabon ƙashin ya ƙi ƙwari. Akwai kuma haɗarin kitsen ɓargo ko gudan jini ya toshe hanyar jini a huhu, abin da kan kai ga rasa rai. Ƙarin santimita 8 yana cin kusan kwana 80 ana ja, ban da watannin jinya da koyon tafiya. Saboda yawan waɗanda suka nakasa ne gwamnatin Sin ta hana yin wannan aiki don ado a shekarar 2006. Garin neman gira, an rasa ido.

Wani zai ce baligi yana da ikon yin abin da ya ga dama da jikinsa da kuɗinsa, kuma wulaƙancin da gajere yake sha gaskiya ne. Na yarda da batun wulaƙancin, shi ya sa ma nake wannan rubutu. Mutum ba ya wayar gari ya miƙa lafiyayyar ƙafa a karya. Ƙin jinin surarsa yakan faro ne tun daga firamare, daga laƙabin da yara suke liƙa masa, wani lokaci ma daga bakin malami wajen jera layin safe. Wannan ɓangare a hannunmu yake. Mu daina kiran ɗalibi da siffarsa, mu kuma hana yara yi wa juna.

Sannan mu san inda matsalar tsawo ta gaskiya take a ƙasarmu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma abin ya fi muni a Arewa maso Yamma. Wannan gajartar ce ta cancanci muryar ƙungiyarmu, ta hanyar matsa wa hukuma kan ciyar da ɗalibai da wayar da kan iyaye.

Shawarata ƙarama ce. Idan darasin awo ya zo, a kawo tef ɗin tela cikin aji, kowane yaro ya auna gabansa da tsawonsa, ya gani da idonsa cewa lambobin biyu sun kusa haɗuwa, ko shi dogo ne ko gajere. Yaron da ya san jikinsa a daidaice yake, da wuya wani hoto a waya ya sa ya raina shi. Tun da can Bahaushe ya faɗa: gajere ba yaro ba ne.